Tsakanin Tafki da Teku: Nasiha ga Matasan Zango kan Ruwa da Man Fetur

Tun daga shekarun 1970 wani tsoro ya samu gindin zama a tsakanin masu ilimin zamani, wanda ke cewa rayuwar birni kamar yadda aka san ta a yau, da fitilunta da motocinta da kasuwanninta da ba sa rasa kaya, ta dogara ne a kan abubuwa biyu da ba su da tabbas, wato samun man fetur cikin araha da kuma daidaituwar ruwa da iska, kuma duk ranar da ɗayansu ya kuɓuce komai zai wargaje. Matasan Hausawa na Zango da Zogbo da sauran unguwannin Kwatano suna jin wannan magana a rediyo, suna kuma ganin hotunanta a wayoyinsu, sai ta raba su gida biyu: waɗansu ta karya musu gwiwa har suna ganin babu amfanin yin wani shiri, waɗansu kuma suka ɗauke ta a matsayin damuwar ƙoshi ta mutanen Turai da Amurka. Kowane ɓangare ya yi kuskure, domin abin da ake tsoro ya sha faruwa a birnin da suke zaune, sai dai bai taɓa zuwa da siffar tashin duniya ba. Yakan zo ne a matsayin hanya guda da ta yanke, ko iyaka da aka rufe, ko jawabin wani shugaba a wata ƙasa, kuma wanda yake faɗuwa shi ne wanda abincinsa duka yake rataye da wannan igiya ɗaya.

Kwatano birni ne da aka gina a kan siririn tudun rairayi, tekun Atilantika yana kudu da shi, tafkin Nokoué yana arewa, sannan wata mashigar ruwa da aka haƙa a ƙarni na 19 ta raba shi biyu tana haɗa tafkin da teku, kasuwar Dantokpa a gaɓarta ta yamma, Akpakpa kuma a tsallaken gabas. Ƙasar birnin ba ta ɗara teku tudu sosai ba, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa yana kusa ƙwarai, har mai haƙa rijiya ba ya yin nisa yake cim masa. Ba kamar ƙasar Hausa mai damina ɗaya ba, nan damina biyu ake yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma daga wajen Satumba zuwa Nuwamba. Saboda haka ruwa yana zuwa wa birnin ta fuska uku: wanda ke sauka daga sama, wanda kogin Ouémé ke kwasowa daga tsakiyar ƙasa ya zuba a tafki, da wanda teku ke turowa yana cin gaɓa. Unguwannin da ke ɓangaren tafki, irin su Fifadji da Vossa da Ladji da gefen Zogbo, su ne suka fi sanin na biyun.

A shekarar 2010 aka ga abin da ke faruwa idan na sama da na kogi suka haɗu. Ambaliyar wannan shekara, wadda aka ce ba a ga irinta ba tun 1963, ta shafi fiye da hamsin daga cikin ƙananan hukumomi 77 na ƙasar Benin, ta taɓa mutum kimanin 680,000, adadin da ya yi daidai da yawan mazauna Kwatano kanta a ƙidayar 2013, ta kuma halaka mutum fiye da arba'in, sannan cutar amai da gudawa ta biyo baya. Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi yana zaton ambaliya ruwa ne mai gudu da ke zuwa da ƙarfi ya rushe katangar ƙasa ya wuce, amma ta Kwatano kwanciya take yi. Ruwan yakan tsattsafo ta ƙarƙashin daɓe, ya cika tsakar gida a hankali, ya haɗe rijiya da masai, ya zauna makonni saboda babu gangaren da zai bi. Mutanen gida sukan jera bulo su ɗora katako su yi gada daga ƙofar ɗaki zuwa titi, su ɗaga katifa da buhun shinkafa a kan tebur, mata su yi girki a kan benci da kurfoti, sauro kuwa ya samu gari. Asarar irin wannan ruwa ba a rana ɗaya ake lissafa ta ba, tana fitowa ne a kuɗin maganin zazzaɓi, da kayan shago da suka yi laima, da kwanakin da yara suka yi ba su je makaranta ba.

Cin gaɓar da teku ke yi kuwa yana da hannun ɗan Adam a ciki. Igiyar ruwa a wannan yanki tana tafiya da rairayi daga yamma zuwa gabas, sai tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1965 ta tare shi da katangunta, rairayin ya taru a yamma, gabas kuma ya rasa mai mayar masa da abin da teku ke ɗebewa, har gidaje da filaye a Akpakpa suka shige ruwa kafin a gina shingayen duwatsu don rage ɓarnar. Tashar da take ciyar da birnin ita ce ta jawo masa wannan asara, kuma kusan duk abubuwan more rayuwa na zamani haka suke, kowanne yana da bashin da ake biya a wani wuri dabam.

Game da man fetur, babu birnin da dogaronsa yake a fili kamar Kwatano, domin a bakin titi ake baje shi. Kpayo, kalmar harshen Gun da ke nufin abin da ba na asali ba, ita ce sunan man da ake shigowa da shi daga Nijeriya ta fasa-ƙwauri, a jarkoki bisa babura ko a kwale-kwale ta cikin ruwa, kuma shekaru da yawa shi ne mafi yawan man da motoci da baburan ƙasar suke sha. Mai sayarwa, wanda Bahaushen Nijeriya zai kira ɗan bumburutu, yakan kafa ɗan tebur ya jera kwalabe masu cin lita guda, a gefe kuma ga manyan tulunan gilashi masu kumburin ciki waɗanda rana ke haskawa man ya yi launin zuma, ga mazurari da ƙyallen tacewa. Babban mai sayensa shi ne zemijan, wato ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu, wanda a Kwatano ake gane shi da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, sunan nasa kuma a harshen Fon yana nufin a ɗauke ni da sauri. Yakan tsaya ko sauka daga babur bai yi ba, a juye masa kwalba ɗaya, ya biya ya wuce, bayan 'yan sa'o'i ya dawo. Wannan kwalba ita ce ke kai ma'aikaci ofis, ta kai mai albasa Dantokpa, ta kai mai naƙuda asibiti, ita ce kuma ke tayar da janaretan tela idan wuta ta ɗauke. Arhar da ta daɗe tana da ita kuwa ba daga Benin ta fito ba, daga tallafin mai ne, wato kuɗin da gwamnatin Nijeriya ta riƙa cikawa daga baitulmalinta don a sayar da mai ƙasa da abin da aka kashe wajen samo shi.

Abin da aka gina a kan kuɗin wani, ranar da mai kuɗin ya janye hannu sai ya girgiza. An ɗanɗana haka a watan Agustan 2019 lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, daga baya ta kuma hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba a sake buɗe iyakar Seme ba sai Disamban 2020. Amma babban darasin ya zo ne ranar 29 ga Mayun 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabin rantsar da shi cewa tallafin mai ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar mai a Nijeriya ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, farashin kpayo a Kwatano ya kusa ninkawa, kuɗin hawa zemijan ya ƙaru, masu motocin da suka manta hanyar gidan mai suka koma suna bin layi. Ba a yi yaƙi ba, rijiyar mai ko ɗaya ba ta ƙafe ba, magana ce kawai aka yi a dandalin Eagle da ke Abuja. Watanni huɗu bayan haka, ranar 23 ga Satumba, wani rumbun ajiyar kpayo ya kama da wuta a Sèmè-Kraké ya ci rayukan mutum 35 aƙalla, abin da ya tuna wa jama'a cewa man nan yana kisa ko da yana da yawa.

Wani abin lura shi ne ɗanyen mai yana ratsa ƙasar Benin ba tare da ya sauƙaƙa wa mai babur komai ba. An haƙo mai a cikin teku daura da Sèmè daga 1982 zuwa 1998, yanzu kuma bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 yana kawo ɗanyen man Agadem na Nijar zuwa gaɓar Sèmè-Kpodji, inda aka fara loda wa jiragen ruwa a watan Mayun 2024, amma ƙasar ba ta da matatar mai tata. Kafin bututun ya fara aiki siyasa ta riga ta yanke hanyar da ta fi shafar Zango, domin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai an rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, tireloli suka yi dogon layi da kaya a bayansu, kuma ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren a farkon 2024 Nijar ta bar nata a rufe, kayanta suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Direbobi da yaran mota, dillalan motocin hannu, masu fitar da kaya daga tasha, 'yan canji, masu masauki, har da mai shayin da ke ciyar da su, duk sun gane a lokaci ɗaya cewa gada guda ce take riƙe da su.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne wurin da bala'in yanayi yake haɗuwa da buƙatar makamashi, domin kowannensu yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. A watan Oktoban 2022 ambaliya ta shafe hanyar Lokoja, tankokin mai suka maƙale, sai ga layukan mai a Abuja, birnin da ruwan bai kai gare shi ba. A 1998 ƙarancin ruwan sama ya sa tafkin Volta ya ja baya, madatsar Akosombo ta Ghana ta rage wutar da take samarwa, Benin da Togo, waɗanda suke sayen lantarki daga can ta hannun hukumar haɗin gwiwarsu ta CEB da aka kafa a 1968, suka shiga duhu na watanni, duk mai hali ya koma kan janareta, wato ya koma kan mai. A watan Agustan 2012 ƙugiyar wani jirgi ta fasa bututun iskar gas na Afirka ta Yamma a cikin teku kusa da Lome, aka yi kusan shekara ba a tura gas ba. Dattawan da suka fito daga Nijar kuwa suna tuna 1984, shekarar da fari ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya, har aka laƙaba wa yunwar sunan El-Buhari: da fari kaɗai ne da hatsi ya shigo daga kudu, da rufe iyaka kaɗai ne da an ci na gona. Tashar lantarki ta Maria-Gléta mai ƙarfin megawat 127 da aka ƙaddamar a 2019 ta rage wa Benin roƙon wuta daga maƙwabta, sai dai ita ma gas ko mai take sha, haka kuma baburan lantarki na kamfanin Spiro da suka shigo gari, sun raba mai su da kwalbar kpayo amma sun ɗaura shi da wayar kamfanin lantarki na SBEE.

Duk da haka bai kamata matashi ya ɗauka cewa duniya tana gab da tsayawa ba. A ƙarshen 1973 farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin watanni kaɗan, a daidai lokacin da fari yake kashe dabbobi a Sahel, kuma mutane da yawa sun yi hasashen ƙarshen zamanin mota, amma birane suka ci gaba da girma. Tsarin yakan yi rauni ya gyaru, ya sake hanya, ya ci gaba. Abin da ba ya gyaruwa shi ne jarin mutum ɗaya da ya narke a cikin watanni shidan da aka yi ana neman mafita, kuma lissafin tattalin arzikin ƙasa ba ya ambaton sunansa. Don haka tambayar da ta fi amfani ga ɗan shekara ashirin ita ce kwana nawa gidansu zai iya ɗauka idan kwalbar mai ta ninka kuɗinta, ko ruwa ya rufe layinsu, ko gadar Malanville ta ƙi buɗuwa.

Sunan unguwar kansa yana ɗauke da amsa. Zango wuri ne da ayari ke yada kaya ya huta, kuma zangunan Benin sun samo asali ne daga fataken da suke tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato su bi ta ƙasar Bargu, ta garuruwa irin su Nikki da Parakou da Djougou, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja don sayen goro, suna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu a bayan jakuna. Babu wanda zai so a koma zamanin tafiyar wata da watanni a ƙasa, da 'yan fashi da kuɗin fito a kowane gari, amma akwai ilimin da waɗannan mutane suka mallaka wanda mota ta sa aka yi sakaci da shi. Madugu, wato jagoran ayari, ba ya sanin hanya ɗaya tak, domin yaƙi ko cikar kogi na iya toshe ta. Yana lissafin guzuri bisa kwanakin da za a iya makara, yana da mai masauki a kowane zango wanda zai adana kaya ya tsaya wa baƙo a ba shi bashi, kuma ba a ɗora dukiyar mutum duka a kan jaki guda. Sun ɗauki yankewar hanya a matsayin abin da aka saba, shi ya sa ba ta cika kashe su ba.

Matashin da yake son yin amfani da wannan gado zai fara ne da zama ya ƙidaya igiyoyin da abincinsa yake rataye da su. Idan mahaifinsa direban tirela ne a hanyar Yamai, yayansa yana fitar da kaya a tasha, shi kuma yana sayar da kayan gyaran manyan motoci, to gidan yana da sana'a uku a ido amma ɗaya ce a zahiri, domin rana ɗaya za su tsaya. Gidan da ya raba 'ya'yansa, wani a fatauci, wani a aikin hannu, wata a aikin jinya ko koyarwa, ya fi jure girgiza ko da ribarsa ba ta kai ta wancan ba a shekarar albarka. Sana'o'in da bala'i ke ƙara wa daraja sanannu ne: haɗa farantan hasken rana da gyaran batir, aikin famfo da injin ja ruwa, gyaran firji, gini mai ɗaga harsashi, da sarrafa abinci ta hanyar da ba ta buƙatar wuta, wadda Bahaushe ya gwanance a kai tun kafin a ƙera firji, kamar yadda kilishi da kuɓewa busasshiya da kuka suke shaida. Harshe ma jari ne, domin wanda ya haɗa Hausa da Faransanci da Fon ko Yarabanci, ya ƙara da Ingilishi, yana da kasuwa daga Legas har Lome, kuma ba a rufe dukkan iyakoki a rana ɗaya.

Ajiya tana da ƙa'idarta. Abin da ya dace a tanada shi ne hatsi da wake da man girki na makonni, a ɗage su daga ƙasa, da ruwan sha a mazubi mai murfi, da 'yan kuɗi a hannu saboda kuɗin da ke cikin waya ba sa fita idan sabis ya ɗauke, da takardun shaida da na fili a naɗe cikin leda mai kauri a wuri mai tudu. Abin da bai kamata a tara a gida ba shi ne fetur, komai alamar tsadarsa, domin tururinsa ne yake kamawa, ya fi iska nauyi yana bin ƙasa, kuma garwashin kurfoti a ɗaya gefen tsakar gida ya isa ya kira shi. Ga wanda yake ganin tanadi rashin tawakkali ne, ƙissar Annabi Yusuf, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta wadatar, domin ajiyar hatsin shekarun yalwa ce ta ceci Masar da maƙwabtanta, kuma annabi ne ya tsara ta. Adashi da asusun 'yan sana'a da taimakon da ake tarawa a masallaci su ne inshorar da talaka ya fi iya dogara da ita, wato asusun da ake zuba wa kaɗan-kaɗan don a ɗauke wa wanda asara ta faɗa wa, amma suna aiki ne ga wanda aka san shi yana zubi tun kafin buƙatarsa ta taso.

Akwai kuma aikin da ba na gida ɗaya ba. Gwamnati ta kashe kuɗi masu yawa a shekarun baya-bayan nan wajen shimfiɗa tituna da gina manyan magudanan ruwa a Kwatano, amma magudana a birnin da ba shi da gangare abu ne mai saurin toshewa, rairayi da ledar ruwan sha da sharar kasuwa kan cike ta cikin rani guda, ledar nan kuwa ita ma daga ɗanyen mai ake yin ta. Samarin layi da suka haɗu a watan Maris suka yashe lambatunsu kafin ruwan farko sun yi wa kansu abin da babu wata hukuma da za ta yi musu a kan lokaci, kuma 'yan Zango, waɗanda wasu har yanzu suke yi wa kallon baƙi bayan kakanninsu sun haihu a nan, suna da ƙarin dalilin fitowa a gan su a irin wannan aiki da kuma zaman shugabannin unguwa inda ake yanke shawarar wace hanya za a fara gyarawa.

Wanda ya kai munzalin kama ɗaki ko sayen fili kuwa ya lura da lokacin da yake zuwa dubawa. Dillali ya fi son nuna gida a watan Janairu, sa'ad da iskar hunturu ta busar da komai, farashin wuraren da ke kusa da tafki kuma yakan yi sauƙin da ke jan hankalin mai ƙaramin ƙarfi, alhali da yawansu fadama ce da aka cike da shara da rairayi. Ruwan Ouémé yana isowa tafki ne a watannin Satumba da Oktoba, wani lokaci sararin Kwatano garau babu hadari, don haka a wannan lokaci ya kamata a koma a sake dubawa. Idan hakan bai samu ba, a duba gindin katangar waje da bayan ƙofa, inda ruwan bara yake barin zane mai duhu da sabon fenti ba ya iya ɓoyewa gaba ɗaya, a duba tsawon dokin ƙofar maƙwabta, sannan a tambayi mai sayar da ƙosai a bakin layi inda take kafa kaskonta a watan Oktoba.